Amsar da Ke Bayan Kaset ɗin Cindo

A Ɗanzomo ba kowa ya san sunansa na yanka ba. An haife shi da ɗan yatsa na shida a hannun hagu, aka ce Cindo, sunan kuma ya bi shi har ƙarshe. Wanzami ya so ya cire yatsan tun yana jariri, uwarsa ta hana. Da ya girma ya fara kaɗa gurmi, mutane suka ce ai wannan yatsan ne ke zuba wa kiɗan daɗi. Shi kuwa yakan ɗaga hannun ya girgiza, ɗan yatsan na lilo kamar ɗan kunne, ya ce, "Wannan? Ko ƙuda bai taɓa kora mini ba."

Manomi ne kamar kowa. Gero da wake, ɗan riɗi a gefen gona, akuyoyi a bayan gida. Da rani, a zamanin ƙuruciyarsa, yakan rataya gurmi ya bi bukukuwa, har ƙetaren iyaka wajen Damagaram an san shi. Gurmin ba wani abin kallo ba ne, ƙoƙon duma ne da fata da tsirkiya biyu, sandar ta yi baƙi saboda gumin hannu.

Sun sami 'ya ɗaya shi da matarsa, wadda duk unguwa ke kira Iya. Nana Firdausi sunan yarinyar. Tana da ciwon ƙirji, in ya tashi numfashinta yakan sarƙe, idanunta su firfito don tsoro. A gefen shimfiɗarta Cindo ya gano abin da ya zama aikinsa. Ba ta yi tsawon rai ba, kuma Allah bai sake ba su wani ba. Tun daga nan ba a ƙara ganinsa a gidan biki ba. Gidan da ake jinya, nan ake samunsa.

Ga yadda yake yi. Zai zauna ɗan nesa da mara lafiya, gurmi a cinya, ba zai taɓa tsirkiya ba sai ya saurara. Numfashi yake saurare. In na sauri ne, da sauri zai fara, ya bi shi ta gefe kamar mai bin ɗan akuyar da ya tsinke, ba ya tare masa gaba. In sun jera kafaɗa da kafaɗa, sai ya fara jan ƙafa kaɗan-kaɗan, yadda mara lafiyan ba zai lura ba, numfashin kuma ya biyo shi. Wani ya yi barci. Wani ya nemi kunu. Wani dai hannunsa da ke damƙe da tabarma ne zai saki.

Bai taɓa cewa yana magani ba. In aka zo kiransa, abin da zai fara tambaya shi ne ko an kai mutumin asibitin Gumel. "Ciwo na likita ne," yakan ce. "Ni tsoron da ke zaune a kan ciwon nake roƙo ya ɗan matsa." Akwai malaman da ba sa son kiɗa ko wane iri, shi ma ya sani, ba ya jayayya da su. Wasunsu dai, in tsufa ya kwantar da iyayensu, sukan aiko a kira shi ta ƙofar baya.

Abin da ya dame shi guda ne. Ba wanda ya ɗauki aikin daga hannunsa. Samarin da suka zo koyo kiɗan rawa suke so. In ya ce su zauna su saurari numfashin tsoho, ba sa dawowa.

A shekarar da aka ba mu Jihar Jigawa, da kaka, amalanken shanu ya kife da shi da lodin damman gero. Ƙugu ya karye. Mai ɗori ya yi iya yinsa, Cindo ya tashi da sanda, amma zama a mota ko a kan jaki ya gagare shi. Daga ɗaki sai gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Ana aikowa daga Gagarawa, daga Sule Tankarkar, daga Maigatari, sai dai ya ba da haƙuri.

Manu direba ne ya kawo dabarar. Manu Bafillace ne, yana da wata tsohuwar fijo da yake bin kasuwanni da ita, Cindo kuwa jinin Mangawa, abokan wasan Fulani, saboda haka ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Wata rana ya sauko daga mota da rikoda a hammata.

"Bawana, ka kwanta kana cin tuwon banza, mutane na can suna nemanka."

"In za ka iya ɗaukar ƙuguna ka kai musu, Bafillace, ga shi nan."

"Wa ke son ƙugunka? Ko mahauta ba sa so. Bakinka da yatsunka ake nema, su kuwa suna shiga kaset."

A lokacin kaset shi ne ɗan aike. Mai ɗan'uwa a Makka ko a Kurmi yakan zauna gaban rikoda ya yi gaisuwa ya faɗi damuwarsa, a ba matafiyi. Manu ya danna jan maɓalli ya tura akwatin gaban Cindo. Cindo ya ɗauki gurmi, ya daɗe yana kallon zaren na juyawa, ya ajiye.

"Wa zan bi?" ya ce. "Ba mai numfashi a ciki."

Sai bayan kwanaki ya yarda, amma da nasa sharaɗi. Ba zai yi wa mara lafiya kiɗa a kaset ba. Mai jinya zai koya wa. Ya zauna ya yi bayani a hankali, yadda ake zama, yadda ake saurare, ya kaɗa misalin mai sauri, ya kaɗa na tsakiya, ya kaɗa na ƙasa. Ya ce wanda ba shi da gurmi ya yi da murya, ko ya kife ƙwarya, ko ya bugi cinyarsa. Gefe ɗaya kawai ya cika. A ƙarshe ya ce, "Bayan kaset ɗin naku ne. Ku gwada, ku juya, ku gaya mini yadda aka yi."

Haka makarantar ta fara, ba allo ba tabarma. Manu na kai wa, Manu na dawo da amsa. Bayan la'asar mukan taru a gindin darbejiya, a juya kaset, mu saurara. Muryoyin mata da maza, wani da kukan zakara a bayansa, wani da ƙarar injin niƙa. Kowa zai fara da sallama, ya gaida Malam Cindo, ya gaida Iya, ya tambayi ƙugu, ya tambayi ruwa. Sannan a zo ga magana.

"Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Allah ya saka da alheri."

Cindo ya murmure a watannin nan. Har aski ya koma yi a kai a kai. Wanda ya fi shiga ransa Ubale ne, wani tela a Gagarawa da ke jinyar mahaifinsa. Ubale ba ya fashin amsa, kuma muryarsa mai natsuwa ce. Cindo yakan ce wa Iya, "Wannan yaron yana da kunne. Ina jin shi ne."

Wata ranar muna saurarensa, ya gama cewa jikin Baba da sauƙi ƙwarai, Manu na gefe yana ɓare gyaɗa, sai ya ce, "Allah ya jiƙan tsohon. Mutumin kirki."

Cindo ya juyo. "Wane tsohon?"

"Uban Ubale mana. Ai ranar da Ubale ya ba ni kaset ɗin nan da safe, da yamma aka kai tsohon makwancinsa."

Zaren ya ci gaba da juyawa, ba komai a kai sai huci, har ya ƙare maɓallin ya ɗago da kansa.

Ubale bai yi ƙarya ba. Ko ɗayanmu ne aka tura wa akwatin nan gaba, abin da zai faɗa ke nan. Wa zai buɗe baki ya ce babu sauƙi, kamar mai kai ƙarar Ubangijinsa? Mutum na kan gargara ake cewa da sauƙi, mai tambaya ya ce Allah ya ƙara, kowa ya duƙar da kai. Cindo ma haka ya amsa wa duk wanda ya zo duba shi lokacin da ƙugunsa ke rabe biyu. Sai dai a da, in sun faɗa, yana cikin ɗakin, kunnensa na gaya masa sauran.

"Yanzu gaisuwa kawai nake ji," ya ce wa Iya.

Ya rage yin kaset. In Manu ya kawo amsa, sai ya ce a ajiye a taga. Suka taru a can, ƙura ta hau su. Har wata Juma'a Manu ya zo da wani ya ce wannan kam sai an ji, don matar da ta ba shi ta riƙe ƙofar motarsa sai da ya rantse zai sa a gabansa.

Muryar mace ce, Hausarta irin ta mutanen kan dutse, a miƙe, ba kwana.

"Baba Cindo, sannu. Sunana Rhoda, matar Obed malamin dabbobi a Maigatari. Mijina yana da ciwon zuciya, likita ya ba shi magani yana sha, amma numfashi ba ya barinsa ya kwanta. Na sa masa kaset ɗinka kamar yadda kowa ke yi. Babu sauƙi. Ya ce in kashe, kiɗan na ƙara masa haki. Ka ce a gaya maka, na gaya maka."

Iya, da ke tsince wake a bakin zaure, ta ɗago. "Wannan 'ya ba ta da manya ne a gidansu? Ko ƙugunka ba ta tambaya ba."

"Manu," in ji Cindo, "mayar da shi baya."

Aka mayar. Ya sunkuyo har kunnensa na taɓa akwatin. Da ta zo wurin da ta ce kamar yadda kowa ke yi, ya ɗaga hannu.

"Me kowa ke yi?"

Manu ya sosa ƙeya. "To, bawana, da me kake zato? Surutunka yana da tsawo, batir kuma ba a gona ake tsinto shi ba. Sukan wuce maganar su kai wurin kiɗan, su ajiye wa mara lafiya a kusa da kai, su je su yi aikinsu."

"Har da mai saurin?"

"Ai shi suka fi so."

Cindo bai yi faɗa ba. Ya dubi tagar da kaset-kaset ɗin ke jibge, ya daɗe. Sannan ya ce a kawo sabo, a danna jan maɓalli.

"'Yata Rhoda, na ji. Kin kyauta. Abu na farko, in kin gama jin wannan, ki fitar da rikodan daga ɗakin mijinki. Abu na biyu, gaya mini, me kika iya?"

Ta iya waƙa. Tana cikin zumuntar mata a cocinsu, ita ce mai buga tulu. Mijinta aiki ne ya kawo shi daga ƙasar Filato, yana duba lafiyar shanu a kara, kasuwar dabbobin Maigatari, kafin ciwo ya zaunar da shi. Cindo ya ce ta yi da waƙoƙin da Obed ya sani tun yana yaro, kada ta ari nasa. Wani daga cikinmu ya ɗan yi gyaran murya ya ce waƙar coci fa ke nan. Cindo ya ce, "Ka taɓa sauraron Kirista yana haki? Ni na saurara. Ban ji bambanci ba." Ba a sake tada zancen ba.

Daga nan kaset ɗin Maigatari ya zama abin jira a unguwa. Ranar Alhamis Manu kan je kasuwar can, ya kai, ya karɓo. Rhoda ba ta taɓa canja hali ba.

"Baba, na gwada. Na fara a hankali don ina so ya huta, ya ce ina ja masa rai."

Cindo ya amsa, "Da naki numfashin kika fara. Fara da nasa. Je ki same shi inda yake, ko da gudu yake."

"Baba, na bi shi da gudu, mun gaji mu biyu. Kuma bayaninka ya yi tsawo. Ka bar labarin mutumin Damagaram, ka faɗi abin da zan yi."

Ranar Manu har ƙasa ya zauna don dariya. Iya ta ce ita dai ba ta taɓa ganin almajirar da ke gyara wa malaminta baki ba. Cindo ya yi murmushi ya ce, "Ta yi gaskiya. Labarin ba shi da amfani." Amma ya sake ba ta shi a kaset na gaba, a gajarce.

Wata rana ya roƙe ta wani abu. Ya ce ta danna jan maɓalli ta ajiye akwatin kusa da ƙirjin mijinta, kada kowa ya yi magana. Da kaset ɗin ya zo ya kore mu duka daga gindin bishiyar, har kaji ya sa aka kora. Daga nesa muna hangensa, ido a rufe, kunne a jikin rikoda, yatsunsa na motsi a kan tsirkiya ba tare da sun taɓa ta ba. A ƙarshen zaren akwai muryar namiji, a gajiye, tana dariya.

"Baba, ni ne Obed. Matata ta mai da ni gonar gwaji. In na warke zan zo in duba maka akuyoyi."

Cindo bai gaya mana abin da ya ji a numfashin ba. Ya dai ce wa Iya ta daina cewa yarinyar ba ta da tarbiyya.

Sannu a hankali amsoshin suka canja, ko da yake ba yadda muke so ba. "Baba, jiya mun jera. Na ji lokacin da ya biyo ni, kamar an saki igiya. Ya yi barci daga azahar har yara suka dawo. Amma ƙafafun sun ƙara kumbura, kada ka yi murna da yawa." Wani makon kuma, "Yau bai yi ba. Ina kuka, muryata na rawa, ya gane." Cindo ya ce mata in kuka ya zo ta bar waƙa ta koma tulu, hannu ya fi murya iya ɓoye abu.

Ba su taɓa ganin juna ba. Shi bai san ko doguwa ce ko gajera ba. Ita kuwa ta taɓa tambayar Manu ko da gaske ne yatsunsa shida.

Sai aka shiga wahalar mai. Motoci suka yi layi a Gumel, Manu ya jingine fijonsa, kaset ya yanke. Cindo yakan fito tun hantsi ya zauna yana fuskantar hanya. In aka ji ƙarar mota sai ya gyara zama, in ta wuce ya koma yadda yake. Gero ya fitar da kai, ya yi bununi, ba labari.

Da Manu ya samu ya leƙa Maigatari, ya dawo da kaset wata Laraba. Muka taru. Aka juya, aka danna.

"Salamu alaikum, Baba. Ina kwana, ina gajiya. Yaya ƙugu? Yaya Iya, yaya gida, yaya ruwa? Ina gaida mutanen Ɗanzomo baki ɗaya. Jikin Obed da sauƙi. Mun gode wa Allah. Allah ya saka maka da alheri."

Shi ke nan. Sauran zaren wayam.

Iya ta tafa hannu a hankali. "Ka ga, ta koyi gaisuwa. Kuma an sami sauƙi, madalla."

Cindo na kallon ƙasa. Ya ce, "Iya, ɗauko mini rigata ta Juma'a. Manu, da sauran mai a motarka?"

"Na zuwa kasuwa gobe. Me ya faru? Kai da ko zuwa bakin titi sai an riƙe ka."

"Ka cire kujerar baya ka shimfiɗa mini katifa."

"Ta ce da sauƙi fa, bawana."

"Na ji abin da ta ce."

Abin da ya biyo baya daga bakin Manu muka ji, kuma bai faɗe shi da wasa ba. Sun tashi da sassafe, Cindo kwance a baya tsakanin buhunan wake, jakar gurmi a ƙirjinsa. Duk ramin da mota ta faɗa sai ya cije leɓe. Bai ce a tsaya ba. Suka ratsa Gumel, suka miƙe arewa, suka shiga Maigatari kasuwa na ci, shanu da raƙuma sun tare hanya, mutanen Nijar da rawunansu na ta ciniki. Gidan na bayan kara, ɗakuna ne a jere na haya. A tsakar gida matan coci na zaune a kan benci.

Aka saukar da shi. Wata ta tashi za ta sanar, ya yi mata alama ta zauna. Ya sa aka ajiye shi a gindin tagar ɗakin, ya jingina da bango.

Daga ciki ana jin tulu, a hankali, da tafin hannu ake shafarsa. Ana jin muryar mace, waƙar ta kusa rabuwa da kalmominta. A ƙarƙashinsu kuma ana jin numfashi, irin wanda kan hau, ya hau, ya tsaya, a yi zaton ya tafi, sannan ya dawo. In ya hau tana tare da shi. In ya tsaya ita ma sai ta tsaya, ba ta cike gurbin, ba ta janyo shi, sai ya dawo ya same ta a inda ya bar ta.

Manu ya zaro gurmin daga jaka ya miƙa masa. Cindo ya girgiza kai.

"Wannan tsayawar," ya ce ƙasa-ƙasa, "ban koya mata ba."

Suna nan zaune rana ta karkata. Kafin la'asar numfashin ya tsaya, tulun ya tsaya tare da shi. Aka jira. Muryar ta ɗan ci gaba ita kaɗai, gajeren zango, ta yi shiru. Matan da ke kan benci suka tashi suka shiga.

Sai da aka jima Rhoda ta fito. Gajera ce, ashe. Ta ga tsoho a gindin taga da rigar Juma'a duk ƙurar wake, ta dubi hannunsa na hagu da ke kan gwiwa. Ta durƙusa.

"Baba, na ce maka da sauƙi."

"Na ji, 'yata. Shi ya sa na zo."

Ta kai gawar mijinta gida, ta tafi da yaranta, ba ta dawo da zama ba. Ba abin da zai riƙe ta a nan. Kafin ta tafi ta aiko da tulun nan a motar Manu, Cindo ya mayar mata, ya ce a gaya mata kayan aiki ba a barinsa a baya.

Tafiyar ta taɓa ƙugun, bai ƙara takawa har gindin darbejiya ba sai da taimako. Ya mayar wa Manu rikodansa. In wani ya aiko neman kaset, yakan ce mai jinyar ya zo da ƙafarsa su zauna. Ɗaya ko biyu sun zo, sun gaishe shi da kyau, sun tafi. Wani lokaci in ana hira sai ya ce, "Akwai ta a Filato," ba wanda ya tambaye shi, kuma ba ya ƙarawa. Ban sani ba ko daɗi yake ji ko akasin haka. Mai yiwuwa shi ma bai raba su ba.

Bayan 'yan shekaru ƙirji ya kama shi, da damina, an gama noman fari. Aka kai shi Gumel, aka dawo da shi da magani. Muna shiga duba shi, muna tambaya, yana amsawa kamar yadda ake amsawa. Numfashin na gudu, hannunsa na damƙe da bakin tabarma. Gurmin na rataye a bango saitin kansa, ɗaki cike da mutane, kowa ya zuba hannu a cinya.

Manu ya kasa jurewa. Ya fita ya dawo da rikoda da ɗaya daga cikin tsofaffin kaset-kaset ɗin Cindo, ya wuce maganar, ya kai wurin kiɗan na ƙasa, ya ajiye kusa da kansa. Gurmin ya cika ɗakin, mai daɗi kamar da. Cindo ya ɗan saurara. Ya ɗaga hannun nan mai yatsa shida.

"Kashe, Bafillace," ya ce. "Wannan mutumin ba ya ji na."

Ya rasu ranar wata Asabar da hantsi, ana yayyafi.

Manu ya ba da saƙo a bakin direbobi, daga tasha zuwa tasha. Saƙon ya yi jinkiri a hanya. Sai da aka watse zaman makoki, aka fara yankan gero, wata mota ta sauke wata gajeriyar mace a bakin titi da ƙunshin kaya a ka. Ba ta tambayi gidan ba, darbejiyar ta nema.

Iya a lokacin ta zama abin tausayi. Ba ta kuka, ba ta ci sai an matsa, tana zaune a ƙofar ɗaki tana kallon ƙusar da gurmin ke rataye. Duk wanda ya tambaye ta, amsa ɗaya ce, da sauƙi. Matan da ke gidan ranar sun ce Rhoda ta yi sallama, ta durƙusa, ta yi ta'aziyya yadda ya kamata, ba ta bar ko ɗaya ba. Iya ta gane muryar kafin a gaya mata.

"Ke ce marar gaisuwa."

"Ni ce, Iya."

"Kin makara."

"Na makara."

Rhoda ta gyara zama a ƙasa, ɗan nesa da ita, ta ce, "Iya, yaya ƙarfin jiki? Da sauƙi?"

Iya ta buɗe baki za ta amsa, ta rufe. Ta dubi matan da ke tsaye, ta dubi bango. Ƙirjinta ya fara hawa da sauka.

"Babu, 'yar nan," ta ce. "Babu."

Akwai ƙwarya a gefe, wadda aka kawo wa Iya fura ba ta sha ba. Rhoda ta juye furar a kwano, ta kife ƙwaryar a gabanta, ta ɗora tafin hannu a kai. Ba ta buga ba tukuna. Ta sunkuyar da kai tana saurare.